Shingen Ƴan Kogi

A ƙasarmu babu dutse. In ka ce wa ɗan bakin Komadugu ya nuna maka abu mai tsawo, tankin ruwan Diffa zai nuna maka, daga shi sai tsamiyar bakin kogi. Shi ya sa ranar da malaminmu na kimiyya ya shigo aji ya ce in an yi babban hutu za a kwashe mu zuwa hawan tuddai, mu yi kwanaki a daji muna koyon yadda ake tare hamada, ajin ya tuntsire da dariya. Wane tudu? A ina? Mutumin yamma ne, aiki ya kawo shi, Hausarsa ma a kasuwar Diffa ya tsince ta. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk malamin lakwal, wato makarantar boko. Ya bari muka gama dariyarmu tas, sannan ya ce, “To, ranar da kuka hau sai mu ga mai dariya.”

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina ƴar kwaleji. A Diffa nake zaune gidan gwaggona saboda karatu, amma gidanmu yana Gagamari, kuma duk zuri'armu manoman tattasai ne. Da na kai maganar gida, babana cewa ya yi ba inda za ni, lokacin rainon iri ya zo, ana bukatar kowane hannu. Innata ce ta tambaye ni wane aiki za mu yi a can. Na ce wai shinge za mu kakkafa. Ta juya ta dubi babana ta ce, “In dai shinge ne, bar ta ta je. Ba za ta ba mu kunya ba.”

Dole in faɗi abin da shinge yake a wajenmu, in ba haka ba sai a ɗauke mu wawaye. A kwarinmu kafa abin kunya ce. Lambun tattasai in ka bar masa giɓin da ɗan akuya zai zura kai, kafin ka dawo daga sallar azahar irin shekara ya tafi. Datsin ruwa kuma, ramin ɓera guda ya isa ya kwashe maka fangali. Tun ban san damata da haguna ba nake saƙa darni a gefen Inna. In na gama layi, sai ta zo ta tura ɗan yatsanta. In yatsa ya wuce, warwarewa kawai take yi ta miƙo mini kara. Haka na tashi, haka duk ƴan kwarin da ke ajinmu suka tashi.

A bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, aka loda mu, da buhunan gero da tukwane da tantuna masu warin rumbu. Mun yi waƙa har muryoyinmu suka dishe. A Shetimari muka tsaya shan ruwa kusa da wata rumfa da aka jibge buhunan busasshen tattasai, ƴaƴan ma'aikata suka kama atishawa ba ji ba gani, mu ƴan kwari muna ta yi musu tsiya. Bayan Maine aka bar kwalta aka nausa arewa. Daga nan tsiyar ta dawo kanmu duka, don kamiyon bai yi nisa ba ya kafe, muka sauka turi, ya fita, ya sake kafewa. Ƙasa ta canza launi muna kallo, daga baƙar da muka sani ta koma fara mai kashe ido.

Sai ga tuddan. Wallahi nan dariya ta ƙare. Yashi ne zalla, amma ya tashi sama ya tare rabin gari, ba ciyawa, ba sawun kowa. Mushe ya zo ya tsaya a gefenmu yana murmushi, ya nuna mana sama da haɓarsa. Hawan nan ban taɓa mantawa da shi ba. Ka ɗaga ƙafa ka taka, yashi ya zame ya maido ka kusan inda ka baro. Muka cire takalma muka rataya a wuya, wasu har da rarrafe. Da muka kai ƙololuwa na leƙa ɗaya gefen, sai na ga kwari a ƙasa, zagayayye, kore shar: dabino, goruba, ƴan lambuna, farin tabkin kanwa a tsakiya, da bukkoki kaɗan a gefe. Daga gefen gabas kuwa tudun da muke kai ya zubo cikinsa, ya riga ya ci wani yanki babba.

A gindin goruba muka kafa tantuna. Zaman nan, kai, na yi kewarsa. Tuwonmu kullum da yashi, har muka daina tofarwa. Da sanyin safiya Mushe yakan kai mu bin sawu, ya nuna mana inda ƙadangare ya ja wutsiya, inda buzuzu ya mirgina kayansa, inda dila ya zo ya sha ruwa ya koma. Ya sa mu tona ƙasa da hannu a tsakiyar kwarin har mu iske danshi, sannan mu hau tudu mu tona mu ga banza. Da yamma muna wasan zamiya daga sama a kan tabarmi, maza da mata, muna ihu, riguna cike da yashi. Akwai wata ƴar soja, Badamagariya, mai baki kamar reza, tun a kamiyo muka saka ƙafar wando ɗaya da ita. Ƴan kogi take kiranmu, wai in aka matse mu ruwan kifi zai fito.

A bakin rijiya muka haɗu da wata tsohuwa. Ƴar ƙarama ce, ta ranƙwafa, da sandarta da ƙwaryarta. Barbarcin Manga take yi, mu muna yin namu na bakin kogi, amma muna jin juna sarai. Kaka muka kira ta tun ranar farko, ita kuma ta maishe mu jikoki, har da zagin wasa. Ita ta kai mu ta nuna mana dabinonta. A da tana da su da yawa, gadon ubanta, jere a gindin tudun gabas. Yashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya haɗiye. Saura guda, mace, mai ƴaƴa ja, ita ma yashi ya kai mata tsakiyar jiki.

Kaka ta gaya mana yadda suka yi da ɗanta, wanda ke kasuwanci a Maine. Shekara da shekaru yana binta ta koma gari wurinsa, tana ƙi. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, maƙwabta sun tashi da yawa, kada wata rana yashi ya rufe ta a ɗaki ba mai gani. Daga ƙarshe suka yi alkawari a gaban limamin wurin: ranar da yashi ya kai wuyan dabinon nan, inda ganye ke fitowa, za ta ɗaure kayanta ta bi shi ba gardama. Duk sanda aka yi babbar iska sai ya zo ya duba. “A nan aka binne cibiyata,” in ji ta, “a nan mijina yake kwance. Me zan je in yi a Maine? In zauna a zaure ina kallon ƙafafun mutane?”

Mai koya mana aikin wani ma'aikacin gandun daji ne, dogo, da korayen kaya. Shef muke ce masa. Ya tara mu a kan tudu ya nuna: a tona ɗan rami mai tsawo a gicciye da hanyar iska, a jera rassan kalimbo da ganyen kaba a tsaye, a danne gindinsu da yashi. Ya ce kada a cika, a bar kafofi, iska ta riƙa ratsawa. Ya yi nasa na gwaji muna kallo. Na dubi abin nan, na dubi ƴan uwana ƴan kwari, kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Shinge ke nan? Wannan ai akuya da ƴaƴanta za su wuce ba su taɓa shi ba. A zuciyata na ce mutumin nan dai ba ya son wahala, shi ya sa ya ƙirƙiro wa lalacinsa dalili.

Aka raba mu ƙungiya-ƙungiya, kowa da yankinsa. Mu ƴan kwari muka roƙa aka ba mu wanda ke saman dabinon Kaka. Ran nan da rana Shef ya bi kamiyo zuwa Maine ɗauko ƴan itatuwan da za mu dasa, kamiyon ya lalace a can, ya yi kwanaki bai dawo ba. Fili ya zama namu.

Muka yi shawara, ba wanda ya yi musu. A sauran wurare a yi yadda Shef ya ce, ba ruwanmu. Amma dabinon Kaka ba za mu tare masa hamada da abin wasan yara ba. Maza suka saro manyan dirkoki suka kafa da zurfi. Mu mata muka zauna da tarin kaba muka kama saƙa irin ta gida, ruɓi biyu, muna matsewa da gwiwa. Kaba ta yayyanka mana hannu, ba mu damu ba. Ni ce mai bin layi ina tura yatsa, kamar yadda Inna ke yi, inda ya wuce sai a warware. Shingen ya tashi ya fi tsawon mutum, santal, ko hasken rana ba ya ratsa shi. Har yau in na tuna shi sai in ji daɗi, don ban taɓa yin aiki mai kyansa ba.

Mushe ya zo ya zagaya shi yana jinjina kai. Ya ce, “Shef fa cewa ya yi a bar kafa.” Na ce, “Mushe, Shef bai taɓa noman tattasai ba.” Ya yi dariya, ya shafa saƙar, ya ce shi dai a littafi ya san abin, amma wannan aiki ya burge shi. Kaka ma ta lallaɓo da sandarta har sama, ta dafa shingen da tafin hannu, ta tura, bai motsa ba. Ta yi ta sa mana albarka har hawaye ya zubo mata. A gefenmu kuwa ga na ƙungiyar ƴar sojan nan, giɓi ko'ina kamar haƙoran tsoho. Sun gama tun da hantsi sun koma inuwa. Na ce mata, “Ke, wannan shinge ne ko matacin kai?” Ta ce, “Yadda aka ce mu yi muka yi, ƴar kifi.”

Wata rana bayan la'asar hadari ya taso. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, tsuntsaye suka yi tsit. Mushe ya kora mu duka ƙasa, muka taru a gindin goruba kusa da rijiya, inda ake hango tudun. Iskar da ke gaban ruwa ta iso da ƙara. Ta cikin mayafi nake leƙe, ina ganin shingenmu tsaye ƙyam, yashi na dukansa yana taruwa a bayansa. Muka fara tafi, wani ma har da kirari. Can sai na ga tsakiyarsa ya fara turo ciki. Iskar da ta rasa hanya ta koma ƙasa tana tone gindin dirkokin, muna kallo suna fitowa tsirara. Sai shingen ya ɗaga gaba ɗayansa, a haɗe, don mun saƙa shi yadda ba zai rabu ba, ya kifo gangare. Duk yashin da ya tara ya biyo shi. Na ji wata ta ƙwala ihu, ashe ni ce.

Ruwan bai yi yawa ba, ya ɗan jiƙa ƙasa ya wuce. Muka ruga. Dabinon Kaka babu gangar jiki, sai ganye a baje a kan yashi, nonnan ƴaƴan rabi a binne. Wuya ya shige. Na ɗaga kai sama, ga shingen ƴar soja da sauran masu giɓi suna nan tsaye, sun ɗan karkace, yashi ya kwanta a gindinsu lumui. Haushi ya turnuƙe ni. Na ji haushin iska, na ji haushin Shef da kamiyonsa, na ji haushin shingen banzan nan da ya ƙi faɗuwa. Da akwai wanda zan kama da kokawa a lokacin, da na kama.

Kaka ta iso a hankali. Ba ta dube mu ba. Ta ajiye sanda, ta durƙusa a gindin ganyen, ta sa ƙwaryarta ta ɗebi yashi ta watsar gefe. Wani ya zubo ya cike gurbin. Ta sake ɗiba, ya sake cikewa. Haka ta yi ta yi. Wannan abin ya karya mini zuciya fiye da faɗuwar shingen. Kowa a wurin ya san ɗanta zai ji labarin iskar, kuma ranar kasuwa mai zuwa zai zo.

Wani yaron ƙungiyarmu, ɗan Shetimari, shi ya ce, “Ku tsaya, wannan ai yasar hanyar ruwa ce. Busasshe ba ya tsayuwa, a jiƙa shi.” Nan muka dawo hayyacinmu, don wannan aikin namu ne. Washegari tun da sassafe muka ja layi daga rijiya zuwa dabinon, guga na tafiya hannu da hannu. Mu jiƙa, mu tona, mu miƙa yashin baya a kwanuka da murafen tukwane. Muka jawo gawar shingenmu muka yanka ta gida-gida, muka jingina a bangon ramin don kada ya rufto. A nan kam saƙarmu ta yi rana, ko ƙwayar yashi ba ta ratsa ta ba. Ina cikin tona na miƙa hannu baya karɓar kwano, sai na ga ƴar soja ce ke miƙo mini, zanenta duk laka. Ta ce, “Karɓi mana, kin tsaya kallona.” Duk sansanin ya sauko, har Mushe, ya naɗe ƙafar wando yana haki.

A haka Shef ya dawo ya same mu. Na shirya masa baki, na ce in ya ce ai na gaya muku, ni da shi ne. Bai faɗa ba. Ya hau ya dubi inda dirkokin suka tuge, ya sauko ya ɗauki guntun saƙar yana juyawa, ya tambaya wa ya yi. Na ce mu ne. Ya ce, “Kai, hannu! Amma ƴata, ku ruwa kuka saba da shi. Ruwa datse shi ake yi. Ita iska in kin tare ta gaba ɗaya sai ta yi faɗa da ke. Barinta ake ta wuce da ƙyar, ta gaji, ta ajiye yashin da ta ɗauko.” Ya cire rigarsa ta sama ya karɓi kwano.

Sauran saƙar da ba mu yanka ba, ita aka ce mu mayar sama mu kafa, amma sai mun zare mata kaba, a bar ɗaya a cire ɗaya. Wayyo. Na fi son a sa ni tonon wani ramin. Ina zarewa ina ƙunƙuni, hannuna kuma da kansa yake komawa ya matse inda na buɗe. Kaka na zaune a gefe tana kallo, karo na farko tun ranar iskar ta yi dariya. Ta ce, “Jikata, hannun nan naki ya fi ki taurin kai.” Na ce, “Kaka, in innata ta ga wannan abin, sai ta ce ba ita ta haife ni ba.” Da muka kafa shi na tura hannuna gaba ɗaya ta cikin wata kafa, har gwiwar hannu, na kawar da kai.

Ranar kasuwa ɗan Kaka ya zo a kan raƙumin haya, da buhuna wofi a ɗaure a baya na zuba kayanta. Dattijo ne shi ma, da furfura a gemu. Muka yi cirko-cirko daga nesa. Ya gaida uwarsa, ya sauka cikin ramin ta ƴar hanyar da muka yi, ya zagaya dabinon. Ba mu iya tono shi duka ba, mun dai fito da wuyan da abin da bai wuce tsayin mutum ba na jikinsa. Ya dubi bangon saƙa, ya dube mu, ya ce, “Iya, wannan ai rami aka tona masa.”

Ta ce, “Wuya muka ce ko ba wuya ba?”

“Wuya muka ce.”

“To ga wuya nan a waje. Ka ga yashi a kansa?”

Ya sake duban wuyan. Ita kuma ta taka ta shiga ramin, ta tsaya a gindin, sai na ga ta ɗaga kai tana kallon nonon dabinon da ke reto dab da goshinta. Kamar a lokacin ta lura. Duk rayuwarta sai ta nemi mai hawa ya sauko mata da ƴaƴan, ya ɗauki rabonsa. Ta miƙa hannu, ba ko ɗage, ta tsinko ɗaya da ya nuna, ta goge a zanenta, ta ba shi. Ya karɓa ya ci. Ya daɗe yana juya ƙwallon a bakinsa, sannan ya ce, “Allah ya shirye ki, Iya.” Da yamma ya hau raƙuminsa ya koma da buhunansa a naɗe yadda ya zo da su.

Sauran kwanakin dashe muka yi. Muka bi bayan shingayen muna saka ƴan itatuwan kandili da daƙwara, kowa na yi wa nasa alama da tsumma, wai zai dawo ya gani. Ranar tafiya Kaka ta cika mana ƙwarya da dabino, wanda ta tsinka da hannunta, ta bi kamiyon da addu'a har muka sha kwana. Ni da ƴar soja muka zauna wuri ɗaya muna ci muna jifan maza da ƙwallaye. Shekara ba ta zagayo ba aka yi wa babanta canjin wurin aiki, ban sake ganinta ba. Da na ba Inna labari a gida, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Shingen da hannu ke wucewa? Allah ya raba mu da ƙasar da ake yin haka.”

Na sake taka kwarin bayan shekaru, ina aikin jinya, mun fito zagayen rigakafi daga Maine. Na roƙi direba ya ratse, ya yi ta mita, na ce ko ya ratse ko in sauka in tafi da ƙafa. Da ƙyar na gane tudun gabas. Shingayen sun ruɓe sun ɓace, amma ciyawa ta kama gangaren, kandili sun yi inuwa, har da awaki a ƙarƙashi. Na nemi tsummana, ina! Ramin ya baje ya zama ɗan kwari mai faɗi, dabinon na tsakiyarsa, ya yi nauyi da ƴaƴa.

Ɗan Kaka na samu a wurin, ya zo sauke dabino, gemunsa ya yi fari fat. Na gaya masa ko ni wace ce. Ya ce, “Ƴan kogi!” Ashe haka Kaka ma ta riƙa kiranmu bayan tafiyarmu. Ya ce ta rasu shekarun baya, a ɗakinta, a kwarinta, an kai ta kusa da mijinta. Ba ta taɓa kwana a Maine ba. Ya ce har ta koma ga Allah ba ta yarda wani ya tsinka mata ba, duk baƙon da ya zo sai ta ja shi ta nuna masa, ta ce jikokinta ƴan kogi ne suka sauko mata da dabino ƙasa. Da itacen ya ci gaba da tsawo ya fara fin hannunta, sai ta sa aka mirgino mata tsohon turmi aka kife a gindin, take hawa da sandarta, yana faɗa tana yi.

Turmin yana nan inda ta bar shi, ya tsage, gara ta ci gefensa. Na cire takalmi na hau. Na miƙa hannu, na yi ɗage iya ƙarfina, yatsuna ba su kai ba. Ina tsaye a kai ina kuka kamar ƙaramar yarinya, direba yana ta danna mini oda daga bayan tudu.